Motar da Aka Ƙi Sallamawa

Tunda ka zo kana tambayata ko tsohuwar motar nan da ta shiga ranka ta cancanci kuɗin da ake ta ƙara mata, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela a garinmu.

Telan nan mutum ne mai hankali a komai, amma da zarar ya ga tsohuwar mota sai hankalin ya yi nasa wuri. A bayan kasuwa kuwa akwai wani tsohon direba da ido ya yi wa rauni har ya ajiye tuƙi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watsu birane neman abinci, abin da ya rage masa sai wata mota ruwan toka a ƙarƙashin rumfa, irin ta da ɗin nan mai dogon hanci da ƙarfe mai kauri, giyarta a jikin sitiyari. Tela ya ɗora ido a kanta, shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Ga shi yana da 'yan kuɗin adashi da ya tara don sayen keken aikin wuyan riga, kuma shagonsa na matuƙar bukatar keken, don masu kawo ɗinki sun fara sulalewa wurin maƙwabcinsa. Duk da haka ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, ya taka ya je ya taya. Tsoho ya shimfiɗa masa tabarma, ya dafa shayi, ya miƙa masa makulli ya ce ya tashe ta su ji. Inji ya yi tari, ya kama. Tsoho ya karkata kai yana saurare, ya shiga ba shi labarin hanyoyin da suka bi shi da ita tun ba a zuba musu kwalta ba. Da aka zo kan kuɗi sai ya ce, "Albarka."

Wata Juma'ar tela ya ƙaro, ya tarar shi ma tsoho ya ƙara. Wai irinta ta yi wuyar samu, wai masu hali sun fara saye suna ajiyewa don ado, wai wani alhaji daga Kaduna ya yi tayi mai tsoka. Ba duka ne ƙarya ba, irinta kam tana ta tsada a ko'ina. Haka aka cinye damina aka shiga kaka, kowane mako a sha shayi, a tashi mota, a yi hira, a rabu da albarka. Matar tela har tsokanarsa take yi, in ya ɗauki hula ta ce, "A gaida amarya, a ce mata sadakin nan fa ya yi yawa."

Rannan ya zauna ya yi wa kansa faɗa. Motar nan ta girmi ɗansa na fari, kayan gyaranta sai an yi ta cigiya, shan mai kuwa kamar raƙumi ya sami rijiya. Haba, ina dalili! Ya tashi ya sayo kekensa, ya ɗauke ƙafa daga bayan kasuwa. Kuma daidai ya yi, ban ce bai yi daidai ba, don aiki ya dawo masa har yana mayar da wani. Sai dai in an sauko Juma'a yakan rasa inda zai sa kansa.

Ana nan sai maƙwabcin tsoho ya biyo ta shago da saƙo: mota ta sauko, ta koma ƙasa da tayin farko ma. Tela ya yi dariyar takaici, kuɗi dai sun riga sun zama keke. Kunya ta sa ya je ya faɗa da bakinsa. Ya tarar tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashin mota gidansu, tsoho ya rame, ga tabarma a shimfiɗe da kofi biyu a kife. Ya ce, "Baba, kuɗi sun tafi. A ba alhajin Kaduna mana." Tsoho ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Wane alhaji? Ɗana, in na ce na sallama, ai kai na sallama. Wa zai ƙara tako ƙofar nan? Da na ga ka ɗauke ƙafa, na ce gara in rasa ta in sake ganinka ko sau ɗaya ne."

Wallahi sai da idon tela ya ciko. Ya tuɓe babbar riga, ya aro famfo ya ba tayoyi iska, maƙwabta suka tura, mota ta yi tari ta kama. Tun daga ranar shi ke kai tsoho masallacin Juma'a a cikinta, tsoho na gefe yana yi masa faɗa kan canjin giya. In sun dawo aka sha shayi, tela ya taya don kada ciniki ya mutu, tsoho ya ce albarka, su kwashe da dariya. Bai mallake ta ba, bai kuma biya ko kwabo ba.

To kai ma kafin ka zura hannu a aljihu, duba ka ga me kake nema a jikin motar, me kuma mai ita yake jin tsoron rabuwa da shi. Tela dai mota ya je taya, ashe sawunsa ne mai tsada a gidan. Gaskiyar Hausawa da suka ce, zumunci a ƙafa yake.