Tanki Domin Darlene

Orville Dize ya turo ƙofar shagon kifin ado da kafaɗa ranar Asabar da hantsi, rigar aikinsa jiƙe da gumi, yatsansa ɗaya naɗe da tsumma. Murmushi yake ta yi shi kaɗai.

Yolanda Brisco, mai shagon, ta daɗe da saninsa. Benci ɗaya suke zama a cocinsu da ke Cambridge, a bakin ruwan Chesapeake, kuma ta san shi ne mai girki a wani gidan abinci kusa da tashar jiragen ruwa. Tun da matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, Yolanda ba ta ƙara ganin haƙoransa ba. Ita ma ba ta da kowa a gida. Sau uku tana kai masa kek, sau uku yana dawo mata da farantin a wanke, ya yi godiya ya juya.

"Tankin ruwan gishiri nake so, Yolanda, da duk kayansa. Yau ɗin nan."

"Kai? Kai da ko shukar fulawa ba ka taɓa rayawa ba?"

"Ba nawa ba ne. Na Darlene ne."

Yolanda ta ajiye ragar da ke hannunta a hankali. Ta ce masa to, ya biyo ta.

Ta nuna masa mai galan ashirin, wanda masu farawa ke ɗauka. Ya girgiza kai, ya rungumi mai galan saba'in da biyar kamar ya ga ɗan'uwansa. Ta ɗora masa famfon juya ruwa, da na'urar tace datti, da buhun gishirin teku, da ɗan ma'aunin da ake gwada gishirin da shi. Duk abin da ta ɗauko sai ya juya shi a hannu yana dariya, ya ce a ƙaro. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya ce daga wurin aiki ne, ya kashe.

"A ina kuka haɗu?" Yolanda ta tambaya, idonta na kan kwalin fitila.

"Can wurin aiki. Yau da safe."

"Yau da safe?"

"Suna da yawa fa, wuri ya cika maƙil. Ita kaɗai ta ɗago ta kalle ni. Ta kama yatsana ta ƙi saki." Ya ɗaga tsumman yana nuna mata da alfahari. "Ki ga farcenta, ja wur."

"Kuma har ta samu tanki."

"A falona za a ajiye, kusa da taga."

Yolanda ta jefa kwalin cikin keken kaya da ƙarfin da ya wuce buƙata. Ta ɗauko abin ɗumama ruwa, sai Orville ya ja da baya.

"A'a. Kada ki yi min maganar zafi yau. Mayar da shi."

Ta mayar. Ya zaɓi murfi mafi nauyi a shagon, ya gwada shi sau biyu. Ya zaɓi yashi mai laushi, da duwatsu masu kogo. Da ta tambaye shi irin kifin da za su saka, ya ce babu ko ɗaya, don Darlene in ta ga kifi cinyewa take yi. Yolanda ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

A gaban teburin biyan kuɗi ne ta gaya masa abin da take gaya wa kowane sabon shiga. Sabon tanki ba a saka masa rai a ranar farko. Sai ya yi wata guda famfo na aiki, ruwan ya nuna, in ba haka ba duk abin da aka saka mutuwa yake yi.

Murmushin ya gushe daga fuskar Orville. Ya leƙa motarsa ta gilashin ƙofa, ya dawo da kallonsa gare ta.

"Wata guda? Yolanda, tana mota yanzu haka. Ba ta da inda za ta je."

Ta tsaya tana kallon mutumin da ta yi shekara shida tana jiran ya yi farin ciki. To ga shi ya yi, ba da ita ba. Ta naɗe hannun rigarta, ta tsoma hannu cikin babban tankinta, wanda ba ta taɓa sayar wa kowa ko tsakuwarsa ba. Ta ciro duwatsu huɗu da tsohon soson tacewa, ta cika masa jarkoki da ruwan ciki wanda ya daɗe da nuna.

"Da waɗannan za ka iya farawa yau. Ka riƙa gwada ruwan kullum."

Orville ya kama hannunta a jiƙe ya yi ta girgizawa, yana dariya idanunsa na ƙwalla.

"Zo ku gaisa. Dole ki gan ta."

Yolanda ta goge hannu, ta gyara gashinta a jikin gilashin tanki, ta shirya fuskar da za ta nuna wa matar. Ta bi shi waje.

Akori-kurarsa na kunne, sanyin mota na busawa. A kujerar gaba babu kowa sai farar kula, an ɗaure ta da bel. Orville ya ɗaga murfin a hankali. Yolanda ta leƙa, dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa ƙofar motar.

Bisa jiƙaƙƙen tawul, Darlene ta ɗaga mata hannuwa biyu masu jan baki: ƙaguwa ce, ta farko da Orville ya taɓa hana wa shiga tukunya a shekara talatin da ɗaya da ya yi yana turara ire-irenta a gidan abincin.