Farantin Ƙofar Mai Jego

Tun da aka kafa dokar awon guba, ba mai shiga ɗakin jego sai ya dafa farantin ƙofa. Inna Ladidi ta dafa, ya yi ja, alamar akwai guba a hannunta.

Shekara talatin tana haɗa lalle da baƙin rini, kuma a hannun ’yarta Barira take gwada kowane haɗi. Yau, saboda gubar rinin, jinin Barira ke yaƙar jikinta, gaɓoɓi sun kumbura, ko jaririnta ba ta iya ɗauka.

“Inna, ki sake wanke hannun mana,” in ji Barira daga ciki.

“Sau bakwai ke nan, ’yar nan.”

“To wa zai ɗago min shi? Kuka yake.”

Inna ta ja da baya daga bakin ƙofar.

“Bari in kira maƙwabciya.”