Layin Gwaji

Da ƙarfe goma na safe ta danna abin da bai kamata ba, rumbun bayanan ma'aikatar ya koma fayau. Kafin ta ƙifta ido, sauran na'urori biyu da ke ɗauke da irin bayanan sun goge nasu, don aikinsu ke nan: duk abin da ta farko ta yi, su ma su yi.

Ta buɗe manhajar ajiya, ta dawo da kwafin jiya. Sannan ta kira tsohon shugaban sashensu, wanda ya yi ritaya ranar Juma'ar da ta wuce.

"Baba, na yi ɓarna. Na dawo da kwafin, amma yaya zan san lafiyarsa ƙalau?"

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Buɗe teburin gwaji."

Ta san teburin, wani shafi ne a cikin rumbun bayanan. Duk Juma'a sai ya rubuta layi ɗaya a ciki, ya dawo da ajiyar a wata na'ura, ya duba ko layin na nan. Shekara shida tana tsokanarsa da tsohon yayi, ba ta taɓa leƙawa ba.

Ta buɗe, ta fara karanta layukansa.

"Yau sabuwar ma'aikaciya ta zo. Tambaya ba iyaka."

"Yau ta yi gyara ba ta neme ni ba."

"Yau ta kama kuskurena. Na yi kamar na ji haushi."

Ta gangara layin ƙarshe.

"In kina karanta wannan, komai ya dawo. Ni ma na taɓa gogewa, har sau biyu. Tashi ki ci abinci."