Koriyar Fitila

Da sandar ƙarfe Dogo ya faɗo cibiyar kiran agajin gaggawa, takalmi ƙafa ɗaya, riga duk ƙurar siminti. Mai gadi ya tare shi, ya sha gwiwar hannu a hanci, jini ya ɓalle.

Kowa ya san shi. Shi ya haɗa na'urori biyun da ke karɓar kiran jama'a: babba na aiki, ƙarama na zaune tana sauraron bugunta, duk ranar da babba ta mutu ta karɓa nan take. Wata uku ke nan da manaja ya kore shi, wai ya cika nacin a riƙa gwada su.

Ga safiyar ta zo da sauƙi. Fitilar babba koriya shar, kusan rabin awa ko waya ɗaya ba ta yi ƙara ba, har Anti, shugabar masu amsa kira, ta samu sukunin yanke farce.

"Ramuwa ya zo yi! Ku riƙe shi!" manaja ya kurma ihu, yana laɓewa bayan kujera.

Anti ta sha gabansa. "Ƙanena, ka dubi Allah! Ka fasa na'urar nan, da me mutanen gari za su kira mu?"

Ya ture ta ta buge bango. Duka uku ƙofar gilashin ɗakin na'urorin ta tarwatse. Ko kallon ƙarama bai yi ba, babba ya rufe da bugu kamar ya ga maciji, har fitilar ta mutu. Maza huɗu suka danne shi, suka karya masa hannu.

Sai wayoyi goma sha biyu suka ɗauki ƙara a tare.

"Tun ɗazu babba ta sandare," in ji Dogo, baki cike da jini. "Fitilar kawai ke cewa tana da rai, shi ya sa ƙarama ta ƙi karɓa. Ku ɗaga mana!"

Anti ta rarrafa ta ɗaga ta farko. Mace ce, muryarta ta dushe da kuka.

"Alhamdulillahi, ya shiga! Katanga ta danne mana 'ya, mun kasa ɗagawa. Babanta, Dogo, ya ce kar in daina kira, ya tafi buɗe layin."