Gida na Ashirin da Uku

Tunda ka ce in ba ka shawara kafin ka hau kujerar kansila, to ni ba ni da doguwar nasiha. Shekara talatin ina rubuta rahoton taro, dogon zance ya fita raina. Misali guda zan ba ka, ka sa a aljihu.

A wani ƙaramin gari, ƙaramar hukuma ta ware wa wata unguwa kwalbati ɗaya tak a aikin shekara. Ɗaya fa, in aka kafa shi inda bai dace ba sai a jira baɗi, shi ma in Allah ya sa an tuna. Aka yi yadda aka saba. Mai unguwa ya sa mai shela ya zaga yana cewa magidanta su hallara a ƙofar gidansa bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo benci don mutanen ofis. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, kuma baki ya zo ɗaya: a sa shi a bakin kasuwa, inda ruwa ke kwanciya duk damina har motar hatsi ta maƙale. Injiniya ya duba taswirarsa ya gyaɗa kai. Aka shafa fatiha aka watse, kowa na murna an yi taro ba a yi cacar baki ba.

To akwai wani tsohon magatakarda a ofishin, mai wata ɗabi'a da ke ba abokan aikinsa haushi. Ba ya buga hatimi a rahoto sai ya ƙirga sunayen waɗanda suka zo, ya gwada da yawan gidajen da abin ya shafa. Har tsiya suke masa, wai ko gyaɗa aka saya masa sai ya ƙirga ta kafin ya ci. Ya ƙirga kuwa. Layin da ruwan ke bi gida ashirin da uku ne, suna ashirin da biyu ya gani. Kashegari da safe ya hau kekensa ya bi ƙofa-ƙofa, har ya kai gidan ƙarshe a gangare, bayan maƙera. Gidan wata tsohuwa ce mai daddawa. Mijinta ya rasu shekara takwas, 'ya'yanta mata duk suna aure a wasu garuruwa. Shela ta ce magidanta, ita kuwa babu magidanci a gidanta, kuma ba ta ga ta inda za ta kutsa cikin maza ta nemi gefen tabarma ba. Ba wanda ya hana ta zuwa, ba kuma wanda ya tuna da ita.

Bayan sun gaisa ya tambaye ta ko ruwa na damun ta. Sai ta zagaya da shi bayan ɗakin da take kwana. Bangon nan yaɓe uku ne, kowanne da launin ƙasarsa, na asali da na gyara biyu, kuma gindinsa duk ya zaizaye. Ta nuna masa da sanda yadda ruwa ke gangarowa daga tudun makaranta, ya doki ɗakinta, ya rasa hanyar tsallaka titi zuwa rafi, sannan ya juya ya bi layi ya je ya kwanta a kasuwa. Ta ce, "Malam, na kasuwa ai saura ne. Ni ke fara karɓar baƙon, sai ya gaji da ni ya wuce wurinsu. Bana kam in ya dawo, da ɗakin zai tafi." Magatakarda ya ji kunya ta kama shi sosai, don a kan rahotonsa aka kusa yin wannan aika-aika.

Ya koma ofis ya mayar da hatimi cikin durowa, ya lallaɓo injiniya, wanda ya zo yana gunaguni. Da ya yi awo sai gunagunin ya tsaya, ashe tun kafin a ɗaga titin aka zana taswirarsa. Aka sake kiran taro. Wasu suka ce yaya za a tada maganar da aka riga aka shafa wa fatiha, amma dai suka zo. A wannan karon cewa aka yi kowane gida ya turo mutum ɗaya, tsohuwa kuwa ta zo da 'yar kujerarta ta zauna daga gefe.

A bayan maƙera aka kafa kwalbatin. Damina ta sauka da ƙarfinta, ruwa ya bi ƙarƙashin titi ya nufi rafi abinsa. Bakin kasuwa ya bushe, motar hatsi ta shiga ta fita, magidanta suna ta yabon hangen nesansu, aka bar su da shi. Ɗakin tsohuwa bai motsa ba. Da kaka ta yi, ta aika wa magatakarda curin daddawa biyu, kuma a iya sanina shi ke nan cin hancin da ya taɓa karɓa a rayuwarsa.

Saboda haka, kansila, in an kawo maka takardar taro, kada ka tsaya kan abin da aka ce kawai. Duba wane ne bai zo ba, ka taka ka same shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.