Jita Biyar a Jingine

Tun da ka ce shawarar da aka ba ka ce ta ɓata maka rai, zauna ka ji misalin wani makaɗi a Kaduna. Jita yake kaɗawa, irin mai dogon wuya da kaurin murya da makaɗa ke kira bas, wadda in an taɓa ta ƙirji ke riga kunne ji. Shagon ƙofar gidansu ya mayar ɗakin ɗaukar waƙa. Ya liƙa soso a bango don kada ƙarar babura ta shigo, ya sa tebur da kwamfuta da lasifika biyu, sai kujera ɗaya. Ɗakin nan in ka miƙe ƙafa ka taɓa ƙofa. Ga shi kuma da jita biyar, kowacce da muryarta, har da wata tsohuwa ja da maigidansa a kiɗa ya bar masa kafin ya rasu. Duk a ƙasa suke, a jere jikin bango kamar faskare, kowacce ta jingina da 'yar'uwarta, wayoyi sun kanannaɗe a gindinsu. Jar tana can ƙurya kusa da tebur. In zai ɗauke ta sai ya kwashe huɗun ya ɗora a kujera, in baƙo ya zo kuwa ƙafa ɗaya a ciki yake tsayawa, ɗaya a waje.

Yana da taubashi, ɗan kawunsa, shi ma makaɗin bas ne, amma ba shi da tasa, da ta aro yake zuwa wasa. Duk sa'ad da ya leƙo sai ya shafa jar nan ya ce, cikin wasan taubasantaka, ranar da aka gaji da ita shi ne magaji. Wata rana ya tsaya ya ƙare wa ɗakin kallo, babu wasa a fuskarsa, ya ce, "Ɗan goggo, bangon nan naka yana zaune babu aikin fari bare na baƙi. Sa mai walda ya lanƙwasa maka ƙugiyoyi, a naɗe su da roba, ka rataye jitocin nan ta wuya. In kuma ba ka shirya ba, kawo biyu in ajiye maka a wurina kafin ka kintsa."

Makaɗi bai ji zancen ƙugiya ba, ƙarshen maganar kawai ya shiga kunnensa. A ransa ya ce ashe nan aka dosa, ajiya ta zama aro, aro ya zama gado. Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce kayansa sun saba da inda suke. Daga ranar, in ya hango taubashin tafe sai ya fito ya ja ƙofa ya tare shi a waje. Taubashi ya lura, ya ɗauke ƙafa.

Ana nan, ran nan da hantsi wata mawaƙiya ta zo ɗaukar waƙar biki da 'yan amshinta biyu. Ɗaki ya cika, ba masaka tsinke. Makaɗi ya juya zai miƙa mata makirufo, ƙafarsa ta harɗe da waya, waya ta fizgi jitar bakin layi, ita kuma ta ture ta kusa da ita. Yana kallo suka zube ɗaya kan ɗaya, ɗakin ya ɗauki gurnani kamar hadari ya taso. Huɗu sun tsira da ƙujewa. Jar da ya ɓoye a ƙurya don kada hannun kowa ya kai gare ta, ita ce ta daki gefen tebur, sauran suka danne ta. Wuyanta ya tsage daga kai har kusan rabi, tsirkiyoyi suka saki. Mawaƙiya ta jajanta masa, ta tattara mutanenta ta nufi wani wurin, don biki ba ya jira. Shi kuwa ya zauna a ƙasa da jitar a cinya, ya nemi wanda zai ɗora wa laifi ya rasa, don ƙafar tasa ce, wayar ma tasa ce.

Kunya ta hana shi aika wa taubashi, amma labari ya kai masa. Taubashi ya zo da ƙugiyoyi a leda da injin huda bango, bai tayar da tsohon zance ba. Suka auna suka kafa, wannan sama wannan ƙasa, yadda ƙugun wannan jita zai shige gefen wuyan waccan, suka kauce wa inda rana ke duka ta taga. Wayoyi aka naɗe aka rataye a ƙusa bayan ƙofa. Da aka gama sai ga daɓen ɗaki ya fito, har da wurin shimfiɗa sallaya da ƙarin kujera biyu. Taubashi ya kakkaɓe ƙurar siminti daga rigarsa, ya sha ruwa, ya yi sallama, ko tsirkiya ɗaya bai taɓa ba. Makaɗi ya raka shi har bakin titi yana ta laluben abin faɗa, bai samu ba sai "A gai da Kawu." Jar an kai ta wurin mai gyara ya haɗe wuyan da gam. Tana nan rataye cikin 'yan'uwanta, amma ko an ɗaure tsirkiyarta ba ta riƙe murya, ba a ƙara ɗaukar waƙa da ita ba.

To ka ji. Mutumin nan ya tsare kayansa daga wanda bai zo ɗauka ba, ya bar su a bakin abin da aka gargaɗe shi a kai. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.