Baturen da Baba Ya Ara wa Baki

Da aka rufe silimar New Bell inda Baba ke haska fim, gwangwanin tsohon fim mai warin tsami kawai ya kawo gida. Wata la'asar ya ɗaga zaren fim ɗin a hasken taga, na ga hoton wani siririn Baturen Amurka a jikinsa.

"Baba, me yake cewa?"

"A zamaninsu fim ba ya magana, Uwata. Shi ya rubuta labarin, shi ya yi wasan. Baki kawai ya rasa, bari in ara masa nawa."

Sai ya maƙe murya: "Salamu alaikum, akwai sauran tuwo?"

Ranar ba a ɗora tukunya a gidanmu ba, amma na yi dariya har da hawaye.

Gwangwanin yana wurina. Tun da Baba ya rasu, Baturen bai sake cewa uffan ba.